Guɗar Ƙarshe a Birnin Hanta

A ƙarƙashin tafkin Kwarin Tsamiya akwai wani birni wanda gidajensa ke tafiya da kansu. Masunta sun sha jefa taru a kansa, mata sun sha wanki a bakinsa, amma babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa shigarsa ya fito sai wata tsohuwa mai suna Tasalla. Ita ma ba sha'awar kallo ce ta kai ta ba, fushi ne.

Tasalla ita ce maguɗiyar garin, ta gada wajen uwarta, uwarta ta gada wajen tata uwar. In ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, har kifi sai ya yi tsalle. Babban aikinta shi ne wata al'ada da suke kira Mayar wa Ruwa. A garin nan, ranar da yaro ya fara ganin ja a fitsarinsa ba a kuka, murna ake yi, a ce ruwa ya karɓe shi, ya zama namiji. Sai a jira rana ta take tsaka, a kai shi tafki ya shiga har cinya ya yi fitsarin a ciki, wai a mayar wa ruwa abinsa. Kafin ya sa ƙafa kuwa dole maguɗiya ta yi guɗa, in babu guɗa babu shiga. Daga ranar nan, duk lokacin da fitsari ya kama shi tafki zai nufa. Ciwo ne fa, sunansa tsargiya, amma su ado suka mayar da shi.

Ɗan farin Tasalla masunci ne, ana kiransa Cindo saboda yatsu shida da ke ƙafarsa ta hagu. Don kunyar ɗan fari, tunda ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan", ko in ta ji daɗinsa ta ce "mai taru". Namiji ne da ke jan kwalekwale shi kaɗai ya fito da shi tudu, amma sai ga shi ya kwanta. Ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu suka zama kamar sillen kara, jan fitsarin da aka yi wa guɗa tun yana yaro ya ƙi tsayawa. An sha saiwa, an sha rubutu, abin sai gaba yake yi. Da abokan sana'arsa suka rasa dabara, suka ce a riƙa ɗaukarsa kullum da tsakar rana ana tsoma ƙafafunsa a tafki, ko ruwa ya ji tausayin nasa.

Ran nan Tasalla ta riga su zuwa. Ta ci ɗamara da gyalenta, ta tsaya a bakin ruwa ta nuna shi da yatsa.

"Kai tafki, mara kunya! Me muka hana ka? Tun ina budurwa nake fasa maƙogwarona a kanka. Na ba ka mazan garin nan kaf, na ba ka wancan, shi ne za ka cinye mini shi ina kallo? Wallahi yau sai ka ba ni amsa!"

Sai ta toshe hanci ta yi guɗa, ba ta murna ba, ta baƙin ciki. Nan take tafki ya tsage biyu, ƙasa ta zame daga ƙarƙashinta, ta ga ciyawar bakin ruwa tana tsawo tana tsawo har ta zama kamar giginya. Ashe ita ce ke ƙanƙancewa. Kafin ta ce wayyo ta koma ba ta kai ƙwayar gero ba, ruwa ya rufe a kanta, ta ji tana numfashi a cikinsa lafiya lau.

Tana sauka ta tarar ana ruwan ƙwayaye daga sama, kowane ƙwai da ƙaya guda a gindinsa. Ta ɗaga kai ta hango inda suke fitowa, wani jan girgije ne da ke bazuwa kusa da ƙafafun wani mutum da ya zo mayar wa ruwa abinsa. Ƙwan da duk ya taɓa ruwa sai ya fashe, wata halitta mai gashi-gashi ta fito, ba ido ba baki, ta zabura a guje. Dubbai ne, suna karo da juna. Ɗaya ta bangaje Tasalla ta yi adungure, ta tashi ta bi ta da ashar, sannan ta bi bayansu don ta ga inda suke wannan sauri.

Suka kai ta birnin nan mai tafiya. Gidajensa katantanwa ne, manya da ƙanana, kowane gida da dodon koɗinsa a ciki yana jansa a hankali a kan ganyen bado. Makafin nan suka far wa gidajen, kowace ta sami nama mai laushi ta huda ta shige. Waɗanda ba su sami gida ba suka yi ta kewaye har ƙarfinsu ya ƙare, suka zube matattu.

A tsakiyar birnin akwai wani tsohon gida da gansakuka ta rufe. Wasu ƙahoni biyu masu laushi suka leƙo daga ƙofarsa, wata murya ta fito a hankali.

"Ya ke 'yar Adam, ni ce Uwar Koɗi, shugabar wannan birni. Muryarki na sani kafin in san fuskarki. Ke ce mai kiran nan da in mun ji shi hantarmu ke kaɗawa. Me muka yi wa jama'arki da kuke aiko mana da annoba kuna murna?"

Tasalla ta riƙe ƙugu. "Au, ke ce ma da ƙara? Ku kuka ce a mayar muku da jan ruwa, muna mayarwa, ga ɗana can yana mutuwa!"

"Ya ke maguɗiya, ba mu taɓa roƙon kowa komai ba. Shigo ki gani."

Tasalla ta shiga. Hanyar gidan murɗaɗɗiya ce, tana kewayawa tana ƙara matsewa, ga santsi, ga duhu. A can ƙurya ta tarar da abin da ya tayar mata da tsikar jiki. Makauniyar nan guda da ta shiga ta zama buhu, buhun ya haifi buhuna, kowane buhu cike da wasu 'yan halittu masu wutsiya mai baki biyu kamar gwafa, suna mutsu-mutsu suna cin mai gidan daga ciki.

Uwar Koɗi ta ce, "Baƙuwa ɗaya ke shiga, dubu ke fita. Duk wadda suka sauka a gidanta ta daina haihuwa. Mu a zatonmu dabbobinku ne kuke turo mana kiwo da ƙarfin tsiya, guɗarki kuwa ita ce kiran a dawo da su. Shi ya sa kullum rana ta take muke buɗe ƙofofi mu sake su, su nufi ƙafafunku."

Sai a lokacin Tasalla ta gane. Ashe su suna mayar wa ruwa, ruwa yana mayar musu, kowa yana ganin ladabi yake yi, ɓarawo kuwa yana tsakiya yana ƙiba. Takaici ya cika ta.

"To ina uban gidansu yake? Ni shi nake nema."

"Yana Birnin Hanta, cikin jikin ɗanki, shi da matarsa. Ana kiransa Angon Jini. Babu hanyar zuwa sai a bayan ɗaya daga cikin masu gwafar nan. Amma ki ji gargaɗi biyu. In kin hau, ki riƙe wuya, kada ki riƙe wutsiya. In kin isa kuwa, makaminki ɗaya ne, guɗarki. Idan kika yi ta a can da dukan numfashinki, ba ki rage komai ba, za ta yaga rigar da suke ɓuya a ciki. Sai dai za ta fita daga maƙogwaronki ke nan, ba za ta dawo ba har abada."

Tasalla ta shafa wuyanta. Guɗar nan ita ce gadonta, ita ce sunanta, da ita ake saninta a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Ta ce, "Buɗe ƙofar."

Rana ta take, haske ya sauko cikin ruwa, ƙofofin birni suka buɗe gaba ɗaya. Masu gwafa suka fito kamar an fasa gidan tururuwa. Tasalla ta daka tsalle ta haye ɗaya, ta maƙale wuyanta. Abar ta yi ta fizge-fizge, ta yi sama ta yi ƙasa, ta ratsa ta gaban bakin wani ƙaramin kifi da ya zuƙe na gabansu da na bayansu, tsohuwa dai tana manne tana salati. Can suka iso bakin tafki inda ƙafafun mutane ke tsaye kamar ginshiƙai, na masu wanki, na masu wanka, na masu ɗiban ruwa. Abin hawanta ya nufi wata ƙafa mai munduwa. Tasalla ta murɗe mata wuya.

"Ba nan ba, 'yar banza!"

Ta duba gabas ta duba yamma, sai ta hango wasu ƙafafu biyu ramammu da aka tsoma daga kan dutse, ba su ko motsi. Ta ƙirga yatsun ta hagu, ta ga shida. Hawaye ya zo mata, amma wa zai ga hawaye a cikin ruwa? Ta juya kan abar da ƙarfi suka nufi can.

Suna taɓa fata, abar ta kafa kai ta fara huda. Sai ji kake ɓas, wutsiyar ta cire ta faɗi baya, ruwa ya tafi da ita. Da wutsiya Tasalla ta riƙe, da tuni tana can tana yawo a tafki. Suka shige ciki, ƙofar da abar ta huda ta rufe a bayansu.

Wani jan kogi mai ɗumi ya kwashe su. Ya kai su Gidan Ganga, inda wata ƙatuwar ganga ke bugawa ba mai kaɗa ta, kowane bugu sai ya yi jifa da su gaba. Tasalla ta saurara ta ji bugun ya yi rauni, ta tuna lokacin da take jin irinsa a ƙarƙashin nata haƙarƙarin. Daga nan suka faɗa Ƙasar Iska, inda guguwa ke shiga tana fita ba hutawa, hanyoyi suka yi ƙunci har sai da ta kwanta rubda ciki ta ja jiki. A nan abin hawanta ya suɓuce mata ya yi gaba. Ta ci gaba ita kaɗai, tana iyo irin na matan bakin tafki.

A ƙofar Birnin Hanta wasu fararen dakaru suka tare ta, ba su da fuska, jikinsu duk hannuwa. Suka kewaye ta, babbansu ya yi magana.

"Ya ke baƙuwa, mu ne masu tsaron wannan ƙasa, duk wanda ba nata ba ne mukan haɗiye shi. In ke tamu ce, faɗi sunan mai ƙasar."

Tasalla ta ce, "Ai wancan ne. Mai taru."

"Ba mu san wancan ba. Faɗi sunansa."

"Haba, bayin Allah! Ɗan fari ne fa. Ni na haife shi, da nonona aka gina ganuwar nan da kuke tsaro. A ina kuka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari?"

"Ya ke baƙuwa, suna ko haɗiya."

Hannuwa suka fara naɗe mata ƙafafu. Ta ji kunya kamar ta nutse, ta waiga ko akwai wata mace da za ta ji ta kai gari. Sannan ta rufe ido ta buɗe baki, sunan da ya shekara da shekaru a ƙarƙashin harshenta ya fito.

"Cindo. Cindona ne."

Birnin ya girgiza. Dakaru suka sake ta suka buɗe hanya.

Abin da ta gani a ciki ya fi ƙarfin kuka. Birni ne babba mai magudanai da yawa, amma ko'ina ƙwayayen nan masu ƙaya sun cake a bango. Inda duk ƙwai ya maƙale, dakaru sun taru sun yi masa gini don su rufe shi, gini kan gini har hanyoyi suka toshe, ruwa ya rasa mafita ya koma baya ya taru. Nan ta gane abin da ya kumbura cikin ɗanta. Dakarun suna ta yaƙi da ƙwai, masu yin ƙwan kuwa suna wucewa ta gabansu ba wanda ya ce musu kanzil.

Ta bi babbar magudana har ta iso fada. Ga Angon Jini nan kwance, farar tsutsa shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, ya kafa bakinsa biyu a bango yana zuƙa. Ya naɗe gefunan jikinsa ya yi kwari, a cikin kwarin matarsa ke kwance, siririya doguwa, ba ta fita ba ya sauke ta. Kewaye da su ga 'ya'ya da jikoki bibbiyu-bibbiyu, kowane ango da amaryarsa a rungume. Dukansu suna sanye da wata riga mai sheƙi.

Angon ya ɗago kai ya yi dariya. "Lale marhabin da maguɗiyarmu! Ya ke Tasalla, babu auren da aka ɗaura a zuriyata wanda ba ke kika buɗe masa hanya ba. Ƙwanmu ba ya fashewa sai a ruwa, 'ya'yanmu ba sa girma sai a gidan koɗi, ba ma aure sai a jikin ɗan Adam. Hanya ce mai wuya, da a ce mutanenki a tudu suke zubar da abin da suke zubarwa, da tuni mun ƙare. Amma kuna kawo mana har gida, da rana tsaka, da kiɗa."

Tasalla ta ce, "Ka fita daga jikin ɗana."

Matar ta leƙo daga kwarin mijinta, muryarta siririya. "Ya ke tsohuwa, wa zai fitar da mu? Dubi rigunanmu. Da jinin ɗanki muka saƙa su, dakarunsa in sun shinshina mu shi suke ji, har gaishe mu suke yi. In wannan gida ya rushe, 'ya'yanmu na can a jikin sauran mazan garinku. Ke dai tunda kin zo, yi mana guɗa mu ji ta kusa, mun gaji da jinta daga nesa."

"Guɗa kuke so?"

"Ita muke so."

Tasalla ta gyara tsayuwa, ta ƙara tamke ɗamara. Ta tuna uwarta ranar da ta kama mata hanci ta koya mata. Ta ja numfashi har sai da haƙarƙarinta ya yi ƙara, ta toshe hanci, ta saki.

Ba a taɓa yin irinta ba. Ta ratsa magudanai, ta doki ganuwa ta dawo, ta haye har Gidan Ganga. Tasalla ta ji numfashinta ya kusa ƙarewa, wani abu a zuciyarta yana ce mata rage kaɗan, rage na ranar biki. Ta ƙi. Ta matse ta har ɗigon ƙarshe, ta ji wani abu ya tsinke a maƙogwaronta kamar zare.

Jikin Angon Jini ya sandare, bakinsa biyu suka saki bango. Rigarsa ta tsage daga wuya har wutsiya, ta matarsa ma haka, na 'ya'ya da jikoki suka yi ta yagewa. Fararen dakaru suka tsaya cak, suka shinshina, suka ji warin baƙi a tsakiyar gidansu. Babbansu ya yi kururuwa, suka rufar musu ta ko'ina. Angon yana ihu yana cewa, "Maguɗiya, kin ci amanar zumunci!" Tasalla ta so ta mayar masa da magana, amma kogi ya riga ya ɗebe ta, ya yi ƙasa da ita tare da sauran ƙwayayen da suka rage.

Ta inda ta fito, ni ba zan faɗa ba, ita ma har ta bar duniya ba ta faɗa wa kowa ba. Abin da aka sani shi ne, a ranar an riga an mayar da Cindo gida, rauni ya hana shi komawa tafki, sai aka riƙe shi ya zaga bayan ɗaki. Tasalla ta faɗo kan busasshen yashi. Tana kallo ƙwayayen nan masu ƙaya suka yi ta jiran ruwa, rana ta gasa su suka yanƙwane, ko ɗaya bai fashe ba. Sannan ƙasa ta yi nisa da idonta, ta dawo girmanta, ta miƙe ta nufi randa ta yi wanka har sau ba adadi.

Ta ba mutane labari, suka ce tsufa ne. Ba a jima ba Sarkin Ruwa, wanda ke shugabantar masunta, ya zo ƙofar gidanta da jama'a, ya ce akwai yaran da suka ga ja, a zo a yi musu guɗa.

Ta ce, "Sarkin Ruwa, guɗa ta ƙare."

"Haba Inna Tasalla, wace irin magana ce wannan? Abin da muka tarar iyaye da kakanni na yi?"

Ta toshe hanci a gabansu ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Wasu mata suka ce su za su yi, dattawa suka ce al'ada ba ta karɓar guɗar da ba ta gado ba, in babu guɗa kuwa babu shiga. Haka suka tsaya cirko-cirko, dokarsu ta ɗaure su. Tasalla ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauki taɓarya ta kafa zama a bakin tafki, duk namijin da ya nufo ruwa yana kwance mazagi sai ta miƙe. Ta matsa wa matasa lamba har suka haƙa shadda, wato masai, a can tudu, ta sa aka yashe tsohuwar rijiya don wanka da wanki. An zage ta, an yi mata waƙar habaici, ko gezau. A hankali aka fara samun yaran da suka girma ba su ga ja ba, kuma ga su maza sosai, har da gemu.

Cindo kuwa ya daɗe a kwance. Cikin ya riƙa saɓewa kaɗan-kaɗan, ya fara shan kunu, ya koma tuwo. Wata safiya Tasalla na tsakar gida tana tankaɗe, matan unguwa sun shigo gaisuwa, sai ga shi ya ɗaga labule ya fito da ƙafafunsa, ba mai riƙe da shi. Mata suka juyo gaba ɗaya suka dubi Tasalla, don a garin nan ba a taɓa yin farin ciki irin wannan ba tare da muryarta ba. Ita ma ta manta. Ta yar da rariya, ta miƙe, ta toshe hanci, ta buɗe baki.

Babu abin da ya fito. Ta tsaya haka da hannu a hanci, hawaye na zuba, ranta na ƙuna, domin duk guɗar da ta yi a duniya wannan ce kaɗai ta so yi da gaske.

Cindo ya tako a hankali ya durƙusa a gabanta.

"Inna, bar shi. Na riga na ji ta, daga ciki na ji ta." Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Har sunana na ji kin kira."

Tasalla ta ja gyale ta rufe fuska, mata suka fashe da dariya.

"Kai, tafi can, mara kunya," in ji ta. "Wa ya kira ka? Zauna in zubo maka kunu."